Ƴar tsana ta zama jarin manya: abin da ya kamata ɗan kasuwa da tela su sani

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake kwance dilar kayan wasan yara na gwanjo a kasuwar Maraɗi, ko Ƙonni, ko Gaya, ya san irin abin da ke zubowa daga ciki: ƙananan motoci marasa taya, ƙwallo, da kuma ƴan tsana na roba, wata gashi a hargitse, wata babu riga, wata ƙafa ɗaya ta ɓalle. Sai a tara su gefe guda a kan leda, a sayar da su a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Mu a wurinmu ƴar tsana abin yara mata ne. Da ita suke koyon goyo da raino, ko ta kara ce ko ta ƙashi ko ta laka, har su yi mata biki su kira ƙawaye, in yarinya ta tasa kuwa sai ta bar wa ƙanwarta.

To amma, mai karatu, a ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai manya, maza da mata, masu aiki da iyali, waɗanda suka mayar da tara ƴan tsana na ado da ɗinka musu ƙananan tufafi abin sha'awarsu bayan sun tashi daga aiki. Suna da ƙungiyoyi, suna da ranakun baje koli, suna kuma kashe kuɗi masu kauri. Abin da ya sa muka kawo wannan batu a wannan fili shi ne akwai ciniki a cikinsa, akwai kuma darasi ga masu sayar da yadi da teloli da masu harkar gwanjo, ga kuma ramin da mai kwaɗayi zai iya faɗawa.

Ƴar tsana ta taɓa zama ƴar aiken teloli

Tun kafin a san mujallar hotuna, da ƴar tsana telolin birnin Paris ke tallar ɗinkinsu. A ƙarni na 17 da na 18, idan sabon yayi ya fito a Faransa, sai a ɗinka shi ƙarami a sa wa ƴar tsana, a aika da ita Landan da sauran biranen Turai, matan sarakai da na attajirai su gani, su taɓa yadin, su duba yadda aka haɗa ɗinkin, sannan su ba telansu ya kwaikwaya. Ana kiran waɗannan ƴan tsana Pandora. Rose Bertin, wadda ke yi wa sarauniyar Faransa Marie Antoinette ɗinki, tana cikin waɗanda suka yi amfani da wannan dabara. Wato dai samfuri ne, kamar yadda ɗan kasuwa a yau ke yanko ƙyallen shadda ya aika wa abokin cinikinsa na Kano ko Agadas kafin a yi odar kaya.

Wannan tsohuwar dabara ta sake yin rana a 1945. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Faransa cikin ƙarancin yadi da zare da fata, manyan gidajen ɗinki na Paris kuma suna fargabar masu sayen kayansu na ƙasashen waje sun manta da su. Sai Robert Ricci, ɗan mai gidan ɗinki na Nina Ricci, ya kawo shawarar a yi ɗinkin ƙanana tunda babu yadin da zai isa manya. Aka ƙera ƴan tsana 237 da waya, kowacce tsawonta santimita 70, gidajen ɗinki irin su Balenciaga da Schiaparelli da Lucien Lelong suka yi musu tufafi da shafi da maɓalli da zif mai aiki, har da takalma da jakar hannu. An buɗe baje kolin a wani sashe na gidan tarihi na Louvre ranar 28 ga Maris 1945, mutane wajen 100,000 suka shiga kallo, aka tara faran miliyan ɗaya don taimakon waɗanda yaƙi ya shafa. Daga nan aka zaga da su Landan da Basalona da wasu birane, a 1946 kuma suka isa Niyok. Yau waɗanda suka rage suna gidan tarihi na Maryhill a jihar Washington ta Amurka, inda aka kai su tun 1952. Da ƙyallaye ke nan Paris ta sanar da duniya cewa allurarta ba ta karye ba.

Barbie: ribar tana cikin rigar

Ƴar tsanar da ta fi kowacce suna a wannan harka ita ce Barbie. Asalinta, wata Ba'amurkiya mai suna Ruth Handler, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Mattel, ta je Turai a 1956 ta ga wata ƴar tsanar Jamus mai suna Lilli, mai surar babbar mace. Abin lura a nan, ita Lilli manya aka fara yi wa ita, don kyauta da barkwanci, kafin yara su karɓe ta. Ruth ta saya ta koma gida, aka yi gyare-gyare, ta sa wa sabuwar sunan ɗiyarta Barbara. Ranar 9 ga Maris 1959 aka nuna Barbie a baje kolin kayan wasa na Niyok, a kan dalar Amurka 3, kuma a shekarar farko an sayar da aƙalla 300,000.

Hikimar cinikin ita ce ƴar tsana sau ɗaya ake sayenta, amma tufafinta ba sa ƙarewa. Daban ake sayar da su, yau rigar biki, gobe ta ofis, jibi ta amarya. A Japan aka ƙera Barbie ta farko, kuma mata ne a gidajensu suka riƙa ɗinka kayanta da hannu, bisa zanen wata mai tsara tufafi, Charlotte Johnson, wadda ta tare a Tokyo domin wannan aiki. Duk mai sayar da atamfa ya san wannan lissafi: mace ɗaya ce, amma kowace salla da kowane biki sai an sake ɗinki.

Manyan da ke tarawa

Yaran da suka yi wasa da Barbie a shekarun 1960 su ne suka girma suka fara neman irin wadda suka taɓa mallaka, suna bin kasuwannin tsofaffin kaya. Tun 1980 masu tarawa a Amurka ke yin babban taron shekara-shekara. Da kamfanin ya ga akwai kasuwa sai ya fara fitar da na musamman don manya: a 1990 ya haɗa kai da mai tsara tufafi Bob Mackie, a 2000 kuma ya fito da samfurin Silkstone mai nauyi da santsi kamar tangaram, wanda ba a yi shi don hannun yara ba.

Wata Bajamusa a birnin Düsseldorf, Bettina Dorfmann, ta shiga kundin Guinness a 2011 da Barbie 15,000, tana kuma gyara wa mutane waɗanda suka lalace. A watan Oktoba 2010 an yi gwanjon wata Barbie a gidan Christie's na Niyok, wadda maƙerin kayan ado ɗan Ostareliya Stefano Canturi ya yi wa sarƙar lu'ulu'u, aka saye ta dala 302,500, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. In aka lissafa kowace dala a kan sefa 600, kuɗin ya haura miliyan 180, kuma an ba da su ne ga masu binciken cutar kansar nono.

Ba Barbie kaɗai ba ce. Japan tana da Licca-chan tun 1967. Akwai kuma Blythe, mai babban kai da manyan idanu, wadda aka fitar a Amurka a 1972 ta yi kwantai, aka daina yin ta bayan shekara ɗaya tak. Sai a 2000 wata mai ɗaukar hoto, Gina Garan, ta buga littafin hotunanta, Japanawa suka haukace a kanta, kamfanin Takara ya dawo da ita a 2001, waɗancan tsofaffin da aka ƙi saye kuma suka zama abin nema ruwa a jallo. Kamfanin binciken kasuwa na NPD ya bayyana a 2022 cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cinikin kayan wasa a Amurka, wajen dala biliyan 9 a shekara, na waɗanda suka kai shekara 12 zuwa sama ne da ke saya wa kansu. Fim ɗin Barbie na 2023, wanda ya samo sama da dala biliyan 1.4, ya ƙara wa wutar mai.

Me suke samu a ciki? Wasu tunawa da yarinta ne, wasu kuwa ɗinkin ne ya ja su: macen da ba za ta iya sayen rigar babban gidan ɗinki na Paris ba tana iya zama da dare ta ɗinka irinta da ƙyalle ɗaya, ta ɗauki hoto ta nuna wa ƴan uwanta masu wannan sha'awa. Wasu kuma jari suka ɗauke ta, suna ajiye ta a kwalinta ba su taɓa buɗewa, domin wadda ba a fidda daga kwali ba ta fi daraja nesa ba kusa ba.

Ƙaramin ɗinki, babban aiki

Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Tsawon Barbie santimita 29 ne, wato kashi ɗaya cikin shida na tsawon mutum, don haka komai sai an raba shi gida shida. Matsalar ita ce ana iya rage awo amma ba a iya rage kaurin yadi. Yadin da ke zuba lafiya a jikin mutum, in aka sa wa ƴar tsana sai ya tsaya ƙiƙam kamar buhu. Shi ya sa masu wannan ɗinki ke neman yadi marar kauri, auduga mai laushi ko siliki. Zanen yadin ma sai ƙanana, domin fure ɗaya na atamfarmu ya isa ya cinye riga gaba ɗaya, sai dai a zaɓi gefen da ke da ƙananan ɗigo ko ratsi.

Bakin ɗinki ba ya wuce milimita 3 zuwa 6, ana rage tsawon takun keke, ana sa siririyar allura. Hannun riga ba ya shiga ƙarƙashin keke in an riga an rufe shi, saboda haka a shimfiɗe ake haɗa shi da jikin rigar, a kalmashe baki, sannan a ɗinke daga bakin hannu zuwa ƙasan riga a zubi ɗaya. Ta baya ake buɗe rigar a sa ƙaramin maɓallin matsewa, tunda kan ƴar tsana da gashinta ba sa wucewa ta wuya. Guga kuwa a kowane mataki ake yi, in ba haka ba ɗinkin sai ya kumbure. Tun 2016 kamfanin Mattel ya ƙara surorin jiki uku, mai ƙiba da doguwa da gajera, don haka awo ɗaya ba ya yi wa duka.

Akwai abin da ya fi shafar irin yadinmu: rini. Roba tana shan launi, kuma in ta sha da wuya ya fita. Baƙin yadi, ja, da na rinin baba duk suna iya ɓata jikin ƴar tsana cikin ƴan kwanaki. Masu tarawa kan wanke yadin sau da yawa kafin su yanka, su kuma yi masa farin shafi. Rana tana ƙoɗar da fuska da tufafi, zafi yana sa roba ta yi danƙo, ƴan kunne na ƙarfe kuma kan bar koren tabo a kunnen tsofaffin Barbie. A ƙasa irin tamu mai zafin bazara da ƙurar hunturu, wanda zai ajiye irin wannan kaya sai ya sama musu inuwa da mazubi mai rufi.

Kada a ɗauka wannan ɗinki ɓata lokaci ne, da rarrafe yaro kan tashi. Jason Wu, wanda aka haifa a Taiwan ya tashi a Kanada, da kayan ƴan tsana ya koyi ɗinki. Yana da shekara 16 ya fara tsara wa kamfanin Integrity Toys tufafin ƴan tsana. Shi ne daga baya ya yi rigar da Michelle Obama ta sa a liyafar rantsar da mijinta a 2009, aka sake ba shi aikin a 2013. Maigidan da ke da yara masu koyo a shagonsa zai iya ba su ƙyallayen da ake sharewa da yamma su yi ta gwada yanka da haɗi a kan ƙaramin awo, ba tare da an yi asarar turmin atamfar mai kaya ba.

Namu ma sun shiga

Shekaru da dama Barbie fara ce. Sai a 1968 aka yi mata baƙar ƙawa mai suna Christie, a 1980 aka fitar da baƙar Barbie ta farko, wadda Kitty Black Perkins ta tsara. A jerin ƴan tsanan ƙasashen duniya kamfanin ya fitar da ta Nijeriya a 1990, ta Gana kuma a 1996. A ƙasashen Musulmi kuwa shigarta ta jawo ƙorafi, har hukumar hisba ta Saudiyya ta hana sayar da ita a 2003. A shekarar ne wani kamfani mai asali a Siriya ya fito da Fulla, mai abaya da mayafi, wadda ta samu karɓuwa ƙwarai a ƙasashen Larabawa.

A Legas, Taofick Okoya ya nemi baƙar ƴar tsana zai saya wa wata ƙaramar yarinya a danginsu bai samu ba, sai ya kafa Queens of Africa a 2007. Jikin daga Caina ake ƙero shi, amma kitso da ɗinkin atamfa a Legas ake yi, kuma cikin ƴan tsanansa uku na farko akwai Azeezah mai wakiltar Hausawa, tare da Nneka ta Ibo da Wuraola ta Yarabawa. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito a 2014 cewa yana sayar da 6,000 zuwa 9,000 a wata. A Ilori kuma, Haneefah Adam, wadda ta yi digiri na biyu a ilimin magunguna a Ingila, ta fara ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna a watan Disamba 2015 tana sa hotunan a Instagram da sunan Hijarbie, cikin ƴan makonni manyan kafofin labarai na duniya suka ɗauka. Shi kansa kamfanin Mattel sai a ƙarshen 2017 ya sanar da Barbie mai hijabi ta farko, mai kamannin ƴar wasan takobi ta Amurka Ibtihaj Muhammad.

Mun san wannan batu ya taɓa addini. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da ƴan tsana tare da ƙawayenta, kuma da wannan ne malamai da yawa suka yi sauƙi a kan na yara mata. Amma babba ya tara masu cikakkiyar sura ya jera don ado, nan malamai da dama sun tsananta, shi ya sa ma wasu masu sana'ar ke yin ƴan tsana marasa fuska. Duk mai son shiga harkar ya fara da tambayar malaminsa.

Hattara dai, ƴan kasuwa

Yanzu ga inda ramin yake. Wani zai ji labarin miliyoyi ya koma ya hau tonon dila yana mafarki. Kamfanin Mattel ya ce an sayar da Barbie sama da biliyan ɗaya tun 1959, abin da ya yi yawa haka kuwa ba ya tsada. Mafi yawan waɗanda ke zuwa mana ta Kwatano da Lome na wasan yara ne, an riga an more su, wasu ma ba Barbie ba ne, kwaikwayo ne daga masana'antun Caina, marasa nauyi, waɗanda aka dasa wa gashi layi ɗaya a gefen kai aka bar tsakiya fili.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne lambar 1966 da ke rubuce a bayan ƴan tsana da yawa. Wannan ba shekarar da aka ƙera ta ba ce, shekarar da kamfanin ya yi rajistar surar jikin ce, kuma an ci gaba da buga ta shekaru da dama bayan nan. Abin dubawa shi ne sunan ƙasa. Na zamanin farko, daga 1959 zuwa 1972, a Japan aka yi mafi yawansu. In ka ga Caina ko Indunusiya ko Maleshiya, to ta baya-baya ce. Ita kuwa ta farkon fari, ta 1959, tana da rami a tafin kowace ƙafa da ƙaramin bututun ƙarfe a ciki, ƙwayar idonta fara ce, rigarta ta wanka mai ratsin baƙi da fari. Samun irinta a dila abu ne mai wuyar gaske. Don haka in wani ya zo maka da ƴar tsana yana nuna maka 1966 yana neman jika ɗari, ka san cinikin biri a sama ne. In kuma ka ga mai ɗauke da sunan Japan, da tufafinta masu ƙaramar alamar kamfani a ɗinke ciki, kada ka yi garajen jefa wa yara, ka ware ta ka nemi wanda ya sani. Kada a zubar da ƙananan takalma da jakunkuna, domin masu tarawa kan neme su daban.

Mai son ɗinkawa ya sayar kuma ya kiyaye abu biyu. Kada ya rubuta sunan Barbie a kan kayansa, suna ne mai rajista kuma masu shi ba sa wasa da shi. Sannan ƙananan maɓallai da duwatsun ado haɗari ne ga yaron da bai kai shekara uku ba, yana iya haɗiyewa.

A ganinmu darasin yana wurin Ruth Handler da Taofick Okoya. Robar ta masu masana'anta ce, ba mu da injin yin gasa da su. Amma rigar da kitson da ɗaurin ɗankwalin namu ne, ga teloli a kowane lungu daga Damagaram zuwa Kamba, ga ƙyallayen shadda da leshi da atamfa ana sharewa kullum ana ƙonawa. Ƴar tsanar Caina da ta zo tsirara ko da guntun siket, in aka yi mata riga da zane da gyale masu tsabtar ɗinki, uwa za ta fi sakin jiki ta saya wa ɗiyarta lokacin salla, ƴan uwanmu mazauna ƙasashen waje ma za su so ta a matsayin tsaraba. Ba mu ce kowa ya rufe shagonsa ya kama ɗinkin ƴan tsana ba, amma sana'a goma maganin mai gasa, kuma jarin gwaji bai wuce ƴan tsana dozin ɗaya da allura da zare ba.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu daga asara.